Yawon Rakiyar Kaka Pyo

Duk wanda iyayensa suka zo Busan yawon amarci, ya je ya buɗe tsohon albam ɗin gidansu. Zai ga hoto ɗaya: ango cikin kwat mai faɗin kafaɗa, amarya ta karkata kai, agogon furanni a gefe, farar hasumiyar Yongdusan a bayansu. In hoton ya fito tsaf, ba a yanke kan hasumiya ba, ba a yanke ƙafar amarya ba, to da wuya in ba kakana ne ya ɗauke shi ba. Pyo Man-gil, mahaifin mamata. Sama da shekara arba'in ya yi a tsaye a filin hasumiyar nan, kyamara a wuya, jan ƙyallen masu hoto a dantse.

Tun yanzu in faɗa: kada wani ya zo min da wa'azin biyayya ga iyaye a ƙasan rubutun nan. Wanda bai taɓa goya ubansa ya hau tudu da shi ba, ya karanta ya wuce.

Kaka ba a Busan aka haife shi ba. Lokacin yaƙi uwarsa ta sauko da shi daga jirgin 'yan gudun hijira, suka hau tudun da ke bayan tashar jiragen ruwa, suka kafa bukka da kwali da gwangwani kamar kowa. Bukkar ce ta zama ɗakin bulo, ɗakin ya zama gidan da aka haifi Mama. Daga titin mota zuwa ƙofarsa babu komai sai matakala, doguwa, siririya, in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya manne da bango. Ya yi dako a tasha har kafaɗarsa ta yi kanta. Wata rana wani ma'aikacin jirgi da ya sha ya yi tatul ya sayar masa da kyamara, daga nan bai sake ɗaukar buhu ba.

A lokacinsu masu hoton filin sun fi a ƙirga. Kowace safiya sai sun yi ƙuri'a a kan wa zai tsaya kusa da agogon furanni. Kaka yana cika aljihunsa da tsabar masara, ya zuba wa amarya a tafin hannu, tattabaru su sauko, ta yi ƙara, ya danna. Da wannan ya aurar da Mama, ya kai kawuna makaranta a Seoul, ya binne kakata. Sai waya mai kyamara ta zo. Masu hoto suka dinga zubewa ɗaya bayan ɗaya, wani ya mutu, wani ya koma gadi, har ya rage su biyu: shi da Tak Sang-du, wanda suka shekara suna zagin juna a kan kwastoma, yanzu kuma babu kwastoman sai zagin.

Amma akwai wasu baƙi da ba su daina neman mai hoto ba. Kaka da Kawu Tak suna kiransu 'yan yawon rakiya. Ina yarinya, in na kai masa abincin rana, yakan nuna min su da haɓa.

"Kin ga waɗancan? Dubi rigar tsohuwar, layin ninkin kanti bai baje ba. Dubi 'ya'yan, babu mai yi wa wani tsawa. Ke kin taɓa ganin iyali sun fito yawo ba faɗa? Kuma duk abin da ta kalla sai su saya mata. Daga nan ba gida za ta ba. Akwatinta yana but ɗin mota."

Gidan kula da tsofaffi yake nufi. Mutanenmu ba sa iya kallon idon iyaye su faɗa. Sai a ce, zo mu kai ki kallon gari. A zaga da ita hasumiya, kasuwa, bakin teku, a ci kifi mai tsada, da yamma mota ta tsaya a wata ƙofa.

Su kuwa masu hoto suna da yadda suke yi da irin waɗannan. Bayan hoton iyali, dole wani daga cikin 'ya'yan ya ce a ɗauki tsohuwar ita kaɗai. To nan mai hoto zai durƙusa ƙasa sosai, ya ɗaga kyamara sama, ya kauce wa hasumiya, ya bar sararin sama kawai a bayanta, daga kafaɗa zuwa kai. Ba ya faɗa musu dalili. Ya san nan gaba za su nemi hoton da za a ɗaura wa baƙin ƙyalle a jingina a ɗakin makoki, kuma ba a sa hasumiya a irin wannan hoton.

"Kyauta ce," in ji Kaka. "Sai daga baya suke gane an yi musu ita."

A hunturun da ya wuce ya zame a kan ƙanƙarar matakala, ƙashin ƙugunsa ya karye. Aka yi aiki. Ya tashi, yana iya takawa da sanda a shimfiɗaɗɗen wuri, amma hawa da sauka sun ƙare. Ya ce ba zai bar ɗakinsa ba. Ko da ya yarda ma, gidanmu ɗaki ɗaya ne da falo, a saman bene, babu lif. Kawuna na Seoul kuwa gwani ne wajen kira a waya yana ba da shawara. Saboda haka Mama, mace mai shekara hamsin da ɗoriya, mai tsayuwa wuni guda a masana'antar ƙosan kifi, ita ke hawa tudun safe da yamma. Ranar asibiti ta goya shi ta sauko, ta goya shi ta mayar. Na ce a bar ni in gwada, ya ce ba zai hau bayan jika ba ko da gidan na cin wuta. Sai da gidan ya kusa cin wutar ma, ranar da ya ɗora tukunya ya manta.

Mama ta nemi gado a wani gidan kula da tsofaffi can wajen gari, ta jira wata da watanni. Da suka kira, suka ce a kawo shi ranar Asabar kafin ofishinsu ya tashi da yamma, domin akwai masu jira a baya. Shi kuwa Kaka kullum maganarsa ɗaya: da zarar furanni sun buɗe zai koma bakin aiki, kada Tak ya cinye masa wuri.

Na ce wa Mama ta faɗa masa gaskiya. Ta ce za ta faɗa a mota. Ta aro motar wata abokiyar aikinta, ta haɗa akwati yana barci, na sauko da shi na sa a but.

Ranar Asabar da safe ta miƙa masa sabuwar riga da sabon wando.

"Wa ya mutu?" ya ce.

"Babu wanda ya mutu, Baba. Fita za mu yi da kai."

"Ina?"

"Kallon gari. Kullum kai ke ɗaukar masu kallon Busan, kai ba ka taɓa kallonta ba."

Ya juya rigar a hannunsa. Ya bi layin ninkin da babban yatsa, a hankali, daga wuya har ƙasa. Sannan ya ɗago ya dube ni. Na hau danna waya kamar an aiko min da saƙon mutuwa.

"Ke 'yar kwikwiyo, har da ke?"

"Ni ce direba."

"To a gaya wa motar asibiti ta biyo mu a baya."

Mama ta yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta. Ta durƙusa, ya hau, suka fara sauka, ina biye da sandarsa.

Filin Yongdusan muka fara zuwa, don ya gaisa da mutanensa. Kawu Tak yana zaune a kan benci yana gyangyaɗi, kyamara a cinya. Yana ganinmu ya miƙe.

"Kai! Gawa ta tashi! Yaya Pyo, ni da na riga na sayar da wurinka ga mai balan-balan."

"Wa zai sayi wuri kusa da wannan fuskar taka? Tattabaru ma ka kore su."

"Hukuma ce ta hana ba su abinci, tsoho, ba ni ba."

"Hukuma ta ga fuskarka ne ta tausaya musu."

Kawu Tak yana cikin dariya idonsa ya sauka a kan rigar. Ya dubi Mama. Ya dubi motar da muka ajiye nesa. Dariyar ta ƙanƙance a bakinsa har ta ɓace.

"To ku tsaya in ɗauke ku," ya ce. "Yau dai ka ga yadda ƙwararru ke aiki."

Muka tsaya mu uku a gaban agogon furanni. Ya danna. Sai Mama, wadda ba ta taɓa zama a filin nan ta ji hirarsu ba, ta ja hannuna gefe ta ce, "Kawu, ɗauke shi shi kaɗai ma."

 Kawu Tak mutum ne mai ciwon gwiwa, amma ya dafa benci ya fara durƙusawa. Ƙasa, ƙasa, har gwiwarsa ta taɓa siminti. Ya ɗaga kyamara sama.

"Sang-du," in ji Kaka. "Tashi."

"Haske ne ya fi kyau ta nan, Yaya."

"Ni za ka koya wa haske? Ni da na same ka kana ɗaukar yatsanka a kowane hoto? Tashi tsaye, ɗan banza. Ja baya. Ƙara ja. Ka sa min hasumiya daga gindi har kai, ni kuma daga hula har takalmi."

Kawu Tak ya tashi da ƙyar, ya ja baya, ya daɗe da kyamara a fuska fiye da yadda hoto ke buƙata. Mama ta raɗa min, "Me ya haɗa su kuma?" Na ce faɗansu ne na kullum.

Daga nan Kaka ya karɓe ragamar yawon.

"Uwar Sae-rom," haka yake kiran Mama, da sunana, "tunda kallon gari kika ce, to a yi shi yadda baƙi ke yi. Na san jerin a ka. Hasumiya, kasuwar Jagalchi, gadar Yeongdo, dutsen Taejongdae, bakin tekun Haeundae. Ba a tsallake ko ɗaya."

"Baba, ba za mu iya duka yau ba. Ƙafarka."

"Ƙafata ce ko taki?"

Muka shiga lif muka hau hasumiya. Duk shekarun nan bai taɓa hawa ba, yana cewa sama ta baƙi ce. Ban ga ya kalli teku ba, ko manyan jiragen da ke jere a tasha. Ya bi gilashi yana dogara sanda har ya kai ɓangaren tudu, ya manna goshi, yana neman wani abu a cikin dubban rufin da suka hau kan juna.

"Ga shi can. Kusa da shuɗin tanki. Ashe ƙarami ne haka." Can ya ce, "Na bar taga a buɗe. Kada dai a yi ruwa kafin in koma."

Ba mu yake kallo ba, inuwar Mama yake kallo a jikin gilashin. Ita kuma ta sunkuya tana ɗaure igiyar takalmin da bai kwance ba.

A Jagalchi ya ƙi manyan gidajen abinci, ya zaɓi rumfar wata mata mai gasa kifi a bakin hanya, mai jar roba a ƙugu da murya kamar ta mai kiran fasinja.

"Baba, yau an fito da kai shan iska? 'Yarka ce? Ka yi sa'ar 'ya. Nawa 'ya'yan sai in na mutu za su san hanyar kasuwar nan."

"Sa'a ba kaɗan ba, Inna. Har sabon wando aka saya min. Kawo wanda ya fi ƙaya."

"Mutane na neman mai tsoka, kai kana neman mai ƙaya?"

"Ba sauri nake ba."

Ban taɓa ganin mutum ya ci kifi haka ba. Ƙaya ɗaya-ɗaya yake zarewa da tsinke, ya jera a bakin faranti. Ya nemi ƙarin miya. Ya nemi a ɗumama ta. Ya tambayi matar garinsu, da sunan mijinta, da abin da ya kashe shi. Shinkafar Mama tana gabanta ba ta taɓa ba.

"Baba," ta ce, tana murza tsinken cin abinci a hannu, "akwai wani wuri can wajen gari. Mai kyau ne, da lambu, da..."

"Wajen gari ba Busan ba ne. Busan kika ce."

 Nan ne ya kamata ta faɗa, kuma nan ne ta kasa.

A gadar Yeongdo sai da muka jira lokacin ɗaga ta. Mutane sun cika bakin ruwa. Jiniya ta yi kuka, motoci suka tsaya, rabin titi ya fara miƙewa sama a hankali, wayoyi suka tashi gaba ɗaya kamar an ba da umarni.

"Dube su," in ji Kaka. "Duk sun yanke kan gadar." Can kuma ya ce, "Nan uwata ke kawo ni kullum. Da za mu shiga jirgi suka rabu da ubana a cikin turmutsutsu, ya ɗaga murya ya ce mu haɗu a gadar nan. Kowa haka aka ce masa. Mu zo mu tsaya, gada ta tashi, gada ta sauka, mu koma. Har na girma na ce mata ni na gaji."

Wayar Mama ta yi ƙara. Ta matsa nesa, ta rufe baki da hannu, tana rusunawa kamar mai maganar tana gabanta.

Kafin mu isa Taejongdae rana ta karkata. Ya ce sai ya hau ƙaramin jirgin ƙasan da ke zaga dutsen, muka bi layi mai tsawo. A wurin tsayawa kallo iska tana neman ture mutum, teku a can ƙasa baƙi ƙirin yana dukan duwatsu. Leɓɓansa sun yi fari. Ƙafar da aka yi wa aiki tana rawa a cikin sabon wandon, ya danne ta da hannu don kada a gani. Mama ta sake matsawa da waya. Na zauna kusa da shi.

"Kaka, ka sani ko?"

"Na san me?"

"Kada ka raina min hankali."

"Ni ko ku? Akwatin wa ke ƙwanƙwasa but duk sanda kika taka birki kamar mahaukaciya?" Ya gyara hularsa. "Yaushe suke rufewa?"

Da ban faɗa ba. Amma bai taɓa yi min ƙarya ba, ni ma ban iya yi masa ba.

"Da yamma. In ba mu je yau ba, wani za su ba gadon."

"To saura Haeundae."

"Kaka, Haeundae ɗaya ƙarshen gari ne."

"Shi ya sa."

"Kai ba ka tausayin Mama? Kullum sai ta..."

"Uwarki jinin 'yan dako ce. Ni na goya ta a matakalar nan tana ƙarama, ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Ban kai ta wani gida na ajiye ba." Ya juyo ya dube ni, idonsa na ruwa saboda iska ko saboda wani abu. "Ɗakina nake so, 'yar kwikwiyo. Ban nemi na kowa ba."

 Haushinsa nake ji kamar in jefa sandarsa cikin teku, kuma da za a tambaye ni, gaskiyarsa ce.

Mama ta dawo ta ce mu tafi, lokaci na ƙurewa. Ya ce Haeundae. Ta ce gobe. Ya ce shi bai san gobe ba, shekararsa tamanin. Ta dube ni, wai ko zan juya sitiyari inda ya kamata ba tare da an yi magana ba. Na kalli madubi, na ga idonsa a kaina. Na ce, "Mama, in za mu can, ki faɗa masa da bakinki. Ni ba zan sace shi ba."

Ba ta faɗa ba. Na ɗauki hanyar Haeundae.

A kan doguwar gadar Gwangan cunkoso ya riƙe mu. Yammacin Asabar, kowa na son bakin teku. Muna tsaye a sama, ruwa hagu da dama, dogayen benaye na gaba suna ɗaukar jan rana, sai wayar ta sake ƙara. Wannan karon babu inda Mama za ta matsa. Muna jin muryar matar ƙasa-ƙasa: ofis ya tashi, sun jira iyakar jira, akwai wasu iyalin da ke kira tun safe. Mama tana ta cewa, "Na gane. Ku yi haƙuri. Na gode." Ta kashe, ta ɗora wayar a cinya, ta juya fuska waje.

Da muka isa babu wanda ya fita daga mota. Kaka ya sauke gilashi, ya leƙa, ya ga 'yan mata na ɗaukar kansu hoto, yara na jefa wa tsuntsayen teku cincin.

"Ashe yashi ne kawai," ya ce. "To mun gama. A kai ni gida."

A hanyar komawa har waƙa ya yi, irin tasu ta da, yana buga gwiwa da tafin hannu. Ya ci nasara, kuma bai ɓoye ba.

Gari ya fara duhu lokacin da na tsayar da mota a gindin matakala. Na ce, "Mama, yau dai bar ni." Su biyu suka ce a'a a tare. Ta cire jakarta ta ba ni, yau kam ta tuɓe rigar sanyinta saboda kada ya zame mata, ta durƙusa. Ya hau. Ta ja numfashi ta miƙe.

Ina bayansu, tafin hannuna a bayan Kaka, ina turawa kaɗan ba tare da ya ji ba. Mama ba ta ci komai ba tun safe. Ina jin numfashinta yana fita kamar ana zuƙe ruwa da tsinke. Muka wuce ƙofar mai gyaran takalmi, muka wuce tukwanen albasar maƙwabta. Mun yi fiye da rabi, har ana hango shuɗin tankin, sai gwiwarta ta lanƙwashe.

Gaba ta faɗi, da gangan, a kan hannuwanta, don kada ya taɓa ƙasa. Ba ta yi ƙara ba. Ta ce, "Riƙe ni da kyau, Baba, zamewa na yi." Ta yunƙura. Ta sake yunƙurawa. Jikinta ya ɗago kaɗan ya koma. Tana nan a durƙushe kamar mai neman gafara, goshinta ya kusa taɓa siminti, shi kuma a kanta.

"Sauke ni."

"Yanzu zan tashi."

"Na ce sauke ni."

Na kama shi ta hammata na zame shi ya zauna a kan matakala. Wajen zamewar rigar Mama ta yaye sama. Ni na san abin da ke ƙasa, ni ke manna mata su kowace safiya. Shi bai taɓa gani ba, don kullum da rigar sanyi take goya shi. Filastar ciwon baya ce tun daga kafaɗa har ƙugu, wata kan wata, gefensu ya yi baƙi, da faffaɗan bel na asibiti da ta ɗaure tamau har ya ci fata. Inda babu filasta akwai tabon ƙaho, shuɗi da ɗorawa.

Ta yi sauri ta ja rigar. Ya riga ya gani.

 Wata maƙwabciya ta leƙo ta taga, ta ga mu uku a zube, ta mayar da kai.

"Wannan warin maganin," ya ce a hankali. "Duk sanda na hau bayanki ina jin shi. Na ɗauka jikina ne."

"Ba komai ba ne, Baba. Kowa a wurin aikinmu yana mannawa."

"Gyeong-ae."

Ban taɓa jin ya kira ta da sunanta ba. Ita ma da alama ta manta yadda yake a bakinsa, don sai da ta ɗago ta dube shi.

"Ke wawuya ce," ya ce. "Tun kina yarinya haka kike. Ki faɗi ki fasa gwiwa, ki ce ba ke ba ce."

Sai a lokacin ta fara kuka, ba sauti, tana goge tafin hannunta da ya kurje a jikin wando.

Kaka ya ɗaga kai ya kalli sama, inda ƙofarsa take. Ba nisa. Da ƙafar da yake da ita bara, kafin a ƙirga goma ya isa. Ya kalle ta sosai. Sannan ya dafa hannu biyu a gefensa, ya miƙe ƙafar mai ciwo gaba, ya ja jikinsa, ya sauko mataki ɗaya a zaune.

"Baba, me kake yi?"

Ya sake dafawa, ya sauko wani.

"Baba, tsaya in goya ka!"

"Kika taɓa ni sai na mirgina har titi. Ke 'yar kwikwiyo, kira matar nan."

"Sun ce sun rufe, Kaka."

"Ofis ne ya rufe. Gidan da ke cike da tsofaffi ba ya rufewa, wani na farke yana canza wa wani zani. Kira. Ki ce laifin tsohon ne, ya tsaya kallon gari."

Na karɓi wayar Mama na kira. Tana ta ringi, shi kuma yana ta sauka, mataki bayan mataki, yana nishi, sabon wandon yana kwasar ƙasa da gansakuka. Mama na biye da shi a zaune ita ma, mataki ɗaya a samansa, hannunta a buɗe kusa da ƙeyarsa amma ba ta taɓa shi ba.

Wata mata ta ɗauka, ba wadda ta kira ɗazu ba. Na yi mata bayani. Ta ce in riƙe. Na ji tana magana da wani nesa da waya. Ta dawo ta ce ba a riga an kira ɗaya iyalin ba, in za mu taho yanzu mu taho, takardu sai Litinin. Sannan ta tambaya ko ya ci abincin dare, don an riga an kwashe kwanuka.

Na rufe wayar da hannu na sunkuya. "Kaka, sun ce a zo. Wai ka ci abinci?"

Bai tsaya ba, bai waiwayo ba.

"Ce mata na ci," ya ce. "Kada su ɗumama komai saboda ni."